Talabijin na Kaduna: Asalinsa da Yadda Ya Koma Hannun Tarayya

Wanda duk ya ke so ya fahimci tarihin talabijin a Nijeriya ta Arewa, lalle ne ya fara da rikicin siyasa na 1953. A shekaran nan ne Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Ikko, cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Da aka watse baram-baram, sai Gwamna Macpherson ya shiga rediyo ya soki jam'iyyar Action Group. Cif Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mai da martani, aka hana shi. Daga nan shugabannin Jihohi suka gane wanda ba shi da gidan rediyo nasa na kansa, bakinsa a ɗaure ya ke. Saboda haka tsarin mulki na 1954 ya ba kowace Jiha ikon kafa nata.

Jihar Yamma ita ta riga kowa, ta buɗe talabijin a Badun ran 31 ga Oktoba, 1959. Jihar Gabas ta bi sawu a Inugu cikin 1960. Gwamnatin Arewa kuwa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, watau Granada da EMI, aka kafa kamfanin da a ke kira BCNN. Shi ne ya buɗe rediyo da talabijin a Kaduna cikin watan Maris, 1962.

Nufin Gwamnati shi ne Arewa ta sami muryarta, ta bayyana manufofinta, ta kuma yaƙi jahilci. Amma fa tagwayen nan biyu ba su yi tafiya ɗaya ba. Rediyo ya ratsa birni da ƙauye, har ya tsallake iyaka, gama akwatinsa da batir ya ke aiki, harshensa kuwa Hausa ne da sauran harsunan ƙasa. Talabijin sai inda lantarki ya kai, akwatinsa kuma da tsada, hotonsa bai wuce 'yan manyan garuruwa ba. Don haka a farkon zamani masu kallonsa galibi manyan ma'aikata ne da attajirai da Turawa, yawancin shirye-shiryen kuwa finafinai ne da a ke sayowa daga waje.

Abin da ya jawo talakawa gare shi, shi ne wasan kwaikwayo na Hausa. Misali sananne shi ne Samanja, wanda Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya riƙa fitowa a ciki yana kwatanta zaman bariki. Har ya zama gidan da ke da akwati, yaran unguwa su kan cika shi da maraice.

Canjin siyasa bai bar gidan ba. An kashe Sardauna ran 15 ga Janairu, 1966, a ran nan kuma Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa ta rediyon Kaduna. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, kamfanin ya zama dukiyar gado, aka damƙa shi ga hukumar da ke lura da kayan tarayyar jihohin. Sa'an nan Gwamnatin soja ta yi doka a 1977, wadda aka mai da farkon aikinta ga watan Afrilu na 1976, ta tattara dukan gidajen talabijin ƙarƙashin hukuma guda, wadda a ke kira NTA. A 1978 rediyon ma ya shiga hannun Tarayya.

Dalilin sojoji shi ne, gidajen Jihohi sun taimaka wajen hura wutar gaba kafin yaƙin basasa, haɗin kan ƙasa kuwa sai da murya ɗaya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kashe ƙishirwar da ta haifi gidajen tun farko ba. Shaida kuwa ita ce, da tsarin mulki na 1979 ya sake buɗe ƙofa, sai jihohi suka koma kafa nasu, kamar yadda Kano ta yi a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Watau gardamar da ta tashi a 1953, game da wanda ke da ikon yin magana da jama'a, dokar 1977 ba ta raba ta ba.