MAJIGI, SHAIHU UMAR DA BAKIN IYAKAR JIBIYA

Yau na ajiye labarin soyayya, zan ɗan taɓo tarihi.

Kafin bidiyo ya shiga gidajenmu, majigi muka sani. Mota ce ke zuwa daga ma'aikatar yaɗa labarai, a kafa farin ƙyalle a fili bayan Isha'i, ta da injin, mai sharhi yana bayani da Hausa. Turawa ne suka kawo shi, kuma a 1939 suka kafa sashen fina-finai na mulkin mallaka, inda William Sellers ya jagoranta. Su tsabta da noman gyaɗa da auduga suka dame su, ba haƙƙin talaka ba.

Fim ɗin da ya taɓo inda ke mana ciwo shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934. An sace yaro, Balarabe Abdulkarim ya tsallaka Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka sayar da ita. To jama'a, Abdulkarim uba ne ko ubangida? Kyautatawa tana wanke bauta? Ni da nake rubuta littafi, ban ga tambayar da ta fi wannan nauyi ba.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. Sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. A Nijar kuwa, 2003 aka mayar da ita laifi, sannan a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya, ta umarci gwamnati ta biya ta saifa miliyan 10 saboda ta kasa kare ta.

Shi ya sa nake ganin babu filin da ya dace da wannan fim kamar Jibiya, kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Dangi ɗaya ne iyaka ta raba, kuma sun ɗanɗana rufe ta a 2019 da 2023. An gyara fim ɗin, har an nuna shi a Balin ta Jamus a 2018. Jamusawa sun kalla a kujera, mu masu abin fa? A kafa mana ƙyalle a Magama, Bakatsine da Bamaraɗe su zauna tabarma guda, a tashi ana gardama.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.