Taswirar Madugu: Yadda Ake Tsara Hanyar Gwanja ta Ƙasar Kabi

Tun kafin a shata iyakokin Nijeriya da Nijar da Benin da Togo da Ghana, akwai mutanen da sana'arsu ita ce ratsa waɗannan ƙasashe duka a tafiya guda, su je su dawo da dukiyar jama'a a hannunsu. Su ne fataken goro masu zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, inda kasuwar Salaga take tara goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Gumi da kanwa da turkuɗi da riguna da fatu, wani lokaci har da bayi, ya shafe wata da watanni kafin ya sake ganin gida. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama ta ƙasar Borgu, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

Nauyin tsara wannan tafiya yana wuyan madugu. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki, da uban dawaki mai tattara abin da za a biya sarakuna, da malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Abin da madugu yake aunawa kafin ya ce a ɗaura kaya abu uku ne: lokaci, zaman lafiya, da amana.

Lokaci shi ne na farko. Da rani ake tafiya, bayan an kawar da amfanin gona, domin a lokacin hatsi yake da araha a zango, rafuka kuma sun janye yadda jaki zai iya ƙetarewa. Kogin Kwara kuwa ba ya ƙetaruwa sai da jirgin masu fito, ko ta wajen Yawuri da Busa, ko can sama ta Illo da Gaya. Daga nan a shiga Borgu ta Nikki da Jugu, a bi ta Sansanin Mango ko a miƙe zuwa Yandi, sannan Salaga. Dawowa ta fi tafiya wuya, saboda goro ba ya jira. Sai an riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince mai sankara, ana sake ganye. Kowane kwana da aka ƙara a hanya, riba ce take raguwa.

A batun zaman lafiya ne kwarin Gulbin Rima, inda Argungu da Birnin Kabi da Gwadangaji suke, ya zama jarrabawa ga kowane madugu. Ga wanda ya taso daga Sakkwato zuwa yamma, nan ce hanya mafi sauƙi: ga ruwa, ga ciyawa a fadama, ga shinkafa da kifi. Sai dai tun da masu jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, ƙasar ta rabu biyu. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye daga Argungu, Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, hanyar yamma ta zama fagen hari tsakanin Kabawa da Gwandu. Da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Gwandu ya ratsa Birnin Kabi a watan Yunin 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sayi da Tumbutu, ya tarar da garuruwan kwarin cikin fargabar yaƙi. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga, a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ya kawo sauƙi na 'yan shekaru, sannan aka koma gidan jiya.

Don haka madugu ba ya tambayar wace hanya ta fi kusa kafin ya tambayi wa yake faɗa da wa a bana. A babbar kasuwa irin ta Jega, kudu da Birnin Kabi, labarin hanya yana da daraja kamar haja. Ayarin da ya dawo shi yake gaya wa mai shirin tashi wane sarki ya ƙara kuɗin fito, wane gari aka kai wa hari, wace rijiya ta ƙafe.

Na uku ita ce amana. Zangon da fatake suke sauka a bakin kowane gari yana da mai gida, wanda zai ba da masauki, ya ajiye kaya, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya tsaya wa baƙo a gaban sarki. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka fi shahara da wannan fatauci, sun gina dukiyarsu ne kan irin wannan sanayya da ake gada daga uba zuwa ɗa. Malamai ma sun bi sawun goro. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano kuma yake jingina asalinsa ga Kabi, ta wannan hanya ya isa Salaga, ya rasu a ƙasar Ghana ta yau a 1934.

Abin da ya kashe hanyar daga nesa ya zo. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, cinikin goro ya fara komawa Kintampo. Yaƙin basasar 1892 ya watse kasuwar Salaga. Jiragen ruwa suka riƙa kai goro Ikko, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911, abin da jaki yake ɗauka a watanni ya koma na kwanaki.

Direban da zai tashi yau daga Gwadangaji zuwa Tamale ta Kamba da Gaya da Malanville da Parakou yana bin kusan sawun nan ne, kuma tambayoyin madugu suna nan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta na kwana 90 ba tare da biza ba, amma takarda ba ta hana Nijeriya rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 kuma, aka toshe gadar Gaya da Malanville, mashigar Tsamiya zuwa Segbana ta ƙara muhimmanci ga masu neman shiga Benin kai tsaye. Taswirar wayar hannu tana nuna kilomita da awoyi. Ko hanyar tana biyuwa a wannan makon, har yanzu sai an tambayi wanda ya dawo jiya.