Sauya Bidiyon Kyamarar Tsaro ta Gida Zuwa Sigar da Za a Iya Tacewa: Nazarin Mazubi, Matsi da Amincin Shaida

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilan da ke sa manhajojin tace bidiyo ƙin karɓar fayilolin da ake cirowa daga na'urorin naɗa na kyamarorin tsaro. An dogara da ƙa'idojin bidiyo na ƙasa da ƙasa da kuma tsarin fayilolin kamfanonin Hikvision da Dahua. Nazarin ya nuna cewa galibin matsalar a mazubin fayil take, don haka sauya mazubi kan wadatar ba tare da an taɓa hoton ba, kuma sake matse bidiyo ba ya dacewa sai a kan kwafin aiki.

1.0 Gabatarwa

Kyamarar tsaro ta zama kayan gida a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja. Sai dai ranar da ɓarawo ya haura katanga, nan ne maigida kan gane cewa naɗa bidiyo daban, amfani da shi daban. Za a sa filas a ciro fayil, a kai wa mai tace bidiyo don ya yanko minti biyun da ake buƙata, Adobe Premiere Pro ko DaVinci Resolve su ƙi buɗewa. Daga nan sai a ɗauki waya a ɗauki allon talabijin, a tura ta WhatsApp, wanda shi ma yake ƙara matse bidiyon. Kafin ya isa hannun ɗan sanda, fuskar da ake nema ta dagule. Wannan asara ce mai ciwo, domin hoto mai kyau yana nan kwance a cikin na'urar.

2.0 Mazubi da Matsi

Kowane fayil na bidiyo yana da sassa biyu. Akwai tsarin matsi, wato hanyar da aka bi aka rage nauyin hoton, akwai kuma mazubin da aka zuba hoto da sauti da bayanan lokaci a ciki. Kusan duk na'urorin yau da H.264, wanda aka amince da shi a 2003, ko H.265 na 2013 suke matsewa, kuma manhajojin tacewa sun san su. Bambancin yana wajen mazubi.

Dahua, kamfanin da aka kafa a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a 2001, yana fitar da fayil mai ƙarshen .dav, inda kowane firam ke ɗauke da tambarin DHAV da kwanan wata da lokacinsa. Hikvision, wanda shi ma a Hangzhou aka kafa shi a wannan shekarar, lamarinsa ya fi rikitarwa: da yawa daga cikin na'urorinsa suna fitar da fayil mai suna .mp4, amma idan aka leƙa farkon fayil ɗin za a ga haruffan IMKH, abin da ke biye kuma tsarin MPEG-PS ne, dangin wanda ake amfani da shi a faifan DVD. Manhajar tacewa kan gaskata sunan, ta nemi tsarin MP4 ta rasa, sai ta ce fayil ya lalace alhali lafiyarsa lau.

Hanyoyin gyara biyu ne. Sauya mazubi kamar juye fura ne daga ƙwarya zuwa kwano, sake matsi kuwa sake damu ne da ƙarin ruwa. Manhajar FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000 kuma kyauta ce, tana yin na farkon da umarnin -c copy, ta kwashe firam-firam ɗin yadda suke ta zuba a sabon mazubi cikin daƙiƙoƙi. Tun daga siga ta 4.2 da ta fito a 2019 take karanta fayilolin Dahua kai tsaye.

3.0 Inda Sauya Mazubi Ke Gazawa

Cikas na farko sauti ne. Kyamarori da yawa suna naɗa murya da G.711, tsohon tsarin wayar tarho na 1972, wanda FFmpeg ba ya yarda ya zuba a MP4. Maganinsa a bar hoton yadda yake, a mayar da sautin kaɗai zuwa AAC, ko a zaɓi mazubin MOV.

Na biyu ya fi nauyi. H.264 da H.265 ba sa ajiye kowane firam cikakke. Sukan ajiye cikakke guda ɗaya, sannan jerin waɗanda ke bayyana abin da ya canza kawai. Don tsimin wuri, tsare-tsare irin su H.265+ suna tsawaita tazarar da ke tsakanin cikakkun firam-firam, tunda tsakar gida kan yi awanni ba abin da ya motsa. Idan mai tacewa ya tsaya a tsakiyar jerin, dole kwamfuta ta koma baya ta sake gina hoton, shi ya sa bidiyon ke sarƙewa. Ga kuma na'urorin da ke rage yawan firam idan babu motsi, alhali manhajojin tacewa sun fi son adadi tsayayye, kamar 25 a daƙiƙa. Tilasta wannan adadi yana nufin maimaita wasu firam-firam ko zubar da wasu, kuma hannun da ya ɗauki kaya yana iya kasancewa a cikin wanda aka zubar.

A nan ne sake matsi ke da hujja, zuwa ProRes na Apple ko DNxHD na Avid, inda kowane firam ke tsaye da ƙafarsa. Farashinsa wuri ne: bidiyon da kyamara ta naɗa a kan megabit 4 a daƙiƙa zai haura megabit 100 a ProRes 422. Don haka a fara yanko ɓangaren da ake buƙata kafin a sauya.

Akwai kuma yanayin 1080N na na'urori masu araha, mai faɗin ɗigo 960 da tsayi 1080. Idan ba a gyara ma'aunin nuni zuwa 16:9 ba, mutum mai jiki zai fito siriri dogo, kuma bayanin kamannin wanda ake zargi zai kauce.

4.0 Amincin Shaida

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya amince da shaidar da ta fito daga kwamfuta, bisa sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai, a kuma gabatar da takardar tabbaci da ke bayyana yadda aka samar da shaidar. A shari'ar Kubor da Dickson a 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Bidiyon da aka sauya sau uku, ba wanda ya rubuta yadda aka yi, yana buɗe wa lauyan wanda ake ƙara ƙofar suka.

Saboda haka fayil na asali, tare da manhajar kallo ta kamfanin, shi ne abin ajiyewa. A lissafa masa lambar tantancewa ta SHA-256 tun ranar farko, domin ko ɗigo ɗaya aka canza, lambar za ta canza. A kuma gwada agogon na'urar da sahihin lokaci a rubuta bambancin, musamman a inda ɗauke wuta ya yi yawa kuma batirin agogon ya mutu.

Lokaci ma ba ya jira. Kyamara ɗaya a kan megabit 4 tana cin kusan gigabait 43 a rana, huɗu kuwa kusan 173, wato faifan terabait 1 zai cika kafin kwana 6, na'urar ta fara naɗa sabo a kan tsoho. Cire faifan a jona shi da kwamfuta ma yana da haɗari, domin Windows ba ta gane tsarinsa, za ta nemi a yi masa fomat, wanda ya amsa kuwa ya jefa shaidarsa cikin haɗari.

5.0 Shawarwari

Ya kamata masu sana'ar haɗa kyamara su riƙa koya wa masu gida ciro fayil tun ranar da aka haɗa, su kuma bar musu manhajar kallo a filas. Masu tace bidiyo su fara da sauya mazubi, kada su sake matsi sai tacewa ta gagara, kuma su rubuta kowane umarni da suka yi amfani da shi. Ga maigida kuma, a ciro bidiyon a ranar da abin ya faru, a yi kwafi biyu, ɗaya a kulle shi ba mai taɓawa.