Zumuntar Mata: Tarihin Karatu da Gyaran Zuciya a Wurin Matan Kirista na Ƙasar Hausa



Duk wanda ya zauna a Maradi ko Damagaram ko Yamai, ko ya ƙetara zuwa Kano da Jos, ba zai rasa cin karo da ayarin mata sanye da zane iri ɗaya da kallabi iri ɗaya ba, suna tafe da littattafai a hannu, wata rungume da tulu, wata riƙe da caki. Su ake kira Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'un da ke ibada da harshen Hausa. Mu Musulmi mukan gan su mu wuce, ƙalilan ne cikinmu suka taɓa tambayar inda abin ya samo asali. Alhali kuwa labarinsu reshe ne na tarihin Hausa, kuma maƙwabcin da ba ka san labarinsa ba, da wuya ka iya ba shi haƙƙinsa. Bambancin aƙida tsakaninmu da su a fili yake, musamman game da matsayin Annabi Isa (AS), kowa ya san inda ya tsaya. Abin da nake so mu duba a yau shi ne hanyar da waɗannan mata suka bi wajen neman ilimin addininsu da gyaran zukatansu.

Mafarin labarin shi ne littafi. A 1855 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya koma Turai tare da wasu samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne, an kama shi bauta yana yaro, daga baya aka ƴanta shi a Barno. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan mai suna James Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya riƙa ɗaukar magana daga bakin yaron yana rubutawa. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, ya kuma yi ta fassara sassan Linjila. Ke nan Hausar wani yaro daga ƙasarmu tana cikin harsashin wannan gini. Aikin bai kammala ba sai a 1932, lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausar boko, bayan doguwar wahalar da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha.

Masu fassarar ba su ƙirƙiro sabon harshen addini ba. Sun tarar da Hausa ta riga ta ƙoshi da kalmomin da malaman Musulunci suka shuka cikinta shekaru aru-aru, sai suka ɗiba: Allah, addu'a, sujada, tuba, gafara, zunubi, wa'azi, sura, aya, Attaura, Zabura. Shi ya sa in Bahaushe Musulmi ya saurari addu'ar tsohuwa Kirista, kunnensa ba ya baƙunta, ko da zuciyarsa ba ta yarda da abin da take nufi ba.

Su kuwa ƙungiyoyin mishan, sun shigo ɗaya bayan ɗaya. Mutum uku na farko na ƙungiyar SIM sun sauka Legas a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu cikin shekara guda. Ƙungiyar SUM ta kafa zango a Wase a 1904. Ƴan mishan na Ekklesiyar Ƴan'uwa daga Amurka suka fara aiki a Garkiɗa, ƙasar Bura, a 1923. Da yake Turawan mulkin Ingila sun taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, sai suka karkata ga ƙabilun Filato da kudancin Zazzau da Adamawa. Harsuna a can sun yi yawa, ba a iya fassara littafi cikin kowane, sai Hausa ta zama gadar da ta haɗa su. Dalili ke nan da ya sa har yau za ka ji macen Birom ko Angas ko Margi tana rera waƙar ibada da Hausa, ko da ba da ita ta tashi a ɗakin uwarta ba.

A wannan ɓangare namu, SIM ta iso Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta zauna a Tsibiri kusa da Maradi. Hukumar Faransa ba ta sake jiki da su ba, don ganin su masu jin Ingilishi ne da suka ɓullo daga Najeriya. Su ma ba su ɗauki lakwal irin ta Faransanci da muhimmanci da wuri ba, hankalinsu na kan koyar da karatun Hausa da aikin magani. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, aka kuma kafa wurin kula da kutare a Danja. Daga waɗannan wurare ƴar ƙaramar jama'ar Kirista Hausawa ta tsiro, wadda ta zama ekklesiyar EERN a daidai lokacin samun ƴancin kan Nijar. Malamar tarihi Barbara Cooper ta Amurka ta rubuta littafi guda kan wannan jama'a ta Maradi, ya fito a 2006.

To, ina mata a cikin duk wannan? Da farko a bayan layi suke. Maza aka fi koya wa karatu don su zama masu bishara, abin da ake nema ga mace shi ne ta iya riƙe gidan mai bishara: ɗinki, tsafta, renon yara. Wasu dokokin mishan ma a kan mata nauyinsu ya sauka. In mai mata biyu ko uku ya nemi baftisma, sai a ce ya zaɓi ɗaya, sauran su san inda dare ya yi musu. Wadda ta shiga sabon addini kuma takan rasa ƙawayen biki da dangin da za su tsaya mata ranar haihuwa ko rasuwa. A ƙasar Hausa kuwa, macen da ba ta da masu zuwa mata suna da zaman makoki, marainiya ce ko da iyayenta na raye.

Wannan giɓi ne Zumuntar Mata ta cike. A shekarun 1930 da 1940 aka fara ganin ƙananan tarukan mata a tashoshin mishan na arewacin Najeriya, sau da yawa matar Bature ko matar mai bishara ke jagoranta. Ba a daɗe ba ragamar ta koma hannun ƴan ƙasa. Da ekklesiyoyi suka tsaya da ƙafafunsu, ECWA a 1954, tarayyar da ake kira TEKAN a yau a 1955, kowace ta tashi da zumuntarta mai shugaba da magatakarda da ma'aji, tun daga ƙauye har zuwa matakin ƙasa. Da yake tushen mishan ɗaya ne, harshen ma ɗaya, tsarin ya zauna daram a majami'un Nijar. A yawancin waɗannan ekklesiyoyi ba a naɗa mace fasto, saboda haka zumunta ta zama fagen da mace ke koyon tsayawa gaban jama'a ta yi magana, ta riƙe kuɗi, ta yanke shawara.

Abin da suke kira sabunta hankali ya samo tushe ne daga wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 12, inda ya gargaɗi masu bi kada su bar zamani ya ƙera su yadda ya so, su nemi canji daga cikin tunaninsu. Suna kuma kafa hujja da wasiƙarsa zuwa ga Titus, sura ta 2, wadda ta ɗora wa dattijan mata nauyin tarbiyyar ƙanana. Wanda ya yi karatun allo da na zaure zai tuna da abin da malamanmu ke kira tsarkake zuciya, da kuma ma'anar aya ta 11 a Suratur Ra'adi, cewa canjin halin al'umma yana farawa ne daga abin da ke cikin rayukansu.

Amma yaya ake sabunta hankalin macen da ta wuni tana daka da ɗiban ruwa, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba? Matan zumunta sun amsa wannan tambaya a aikace. Sukan keɓe yini ɗaya a mako su haɗu. Wadda ta iya karatu ta koya wa wadda ba ta iya ba, baƙi da wasali, har ta kai ga buɗe littafi da kanta. Akan ba da aya a haddace, a kawo ta mako mai zuwa, kamar yadda almajiri ke kawo hadda gaban malam. Sannan a tattauna ayar a kan abin da ya dame su: fushi da miji, gulma, bashi, tsoron maita da sammu, haƙuri da rashin haihuwa. Mata da yawa a karkara ta wannan ƙofa suka shiga duniyar rubutu, kuma uwar da ta ɗanɗani karatu ba ta yarda a bar ɗiyarta a gida.

Sai waƙa. Turawan mishan sun zo da waƙoƙin ƙasarsu da aka juya zuwa Hausa aka tara a Littafin Waƙoƙi, sai dai karin Turai bai cika jituwa da hawa da saukar muryar Hausa ba, kuma da yawansu sun ƙyamaci ganga don suna danganta ta da bori. Mata ne suka dawo da kiɗan gida cikin majami'a. Suka ɗauko tulu suna buga bakinsa, suka haɗa da caki, suka tsara waƙoƙinsu bisa salon bayarwa da amshi irin na daka da na dandali. Waƙa guda takan ɗauke labarin sura sukutum, ta yadda wadda ba ta iya karatu ba za ta koma gida da darasin a bakinta.

Na ƙarshe shi ne ziyara. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, su kuwa sun riƙe wannan karin magana da gaske. Ana haihuwa su ne a gidan da ruwan zafi da kunu, ana rashin lafiya su ne a bakin gadon asibiti, ana rasuwa su ne masu girki da kwanan makoki. Daga ɗan abin da kowace ke jefawa a asusu ake tallafa wa gwauraye da marayu, a koya wa wasu yin sabulu da man shafawa da saƙa. A ganinsu, karatun da bai kai mace ƙofar maƙwabciyarta ba, bai shiga zuciya ba tukuna.

Mai sanin tarihin ƙasar nan zai ga cewa wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru don ilimantar da matan karkara. Takan naɗa jaji, ta ɗora mata malafa da jan rawani, jajin ta jagoranci ayarin tsofaffi da ƴan mata zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci, su koma ƙauyukansu su koyar, su kuma kula da marasa lafiya da masu jego. Ita kanta malafar, alama ce da aka sani tun da can a kan Innar Gobir, shugabar mata a masarautar. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, sarautar Inna ta ci gaba a can, garin da ƴan mishan suka zo suka zauna kusan shekara ɗari daga baya. Ƴan Taru da Zumuntar Mata kowace da tushenta da aƙidarta, amma ƙasa ɗaya ta shayar da su. Dukansu sun gane cewa mace ta fi jin magana daga bakin ƴar uwarta mace, cikin harshen da take mafarki da shi, kuma waƙa ta fi dogon wa'azi zama a ƙwaƙwalwa.

Ƙarfen da aka ƙera, a ranar wuya ake sanin ingancinsa. A daren 14 ga Afrilun 2014 ƴan Boko Haram suka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, mafi yawansu ƴaƴan Ekklesiyar Ƴan'uwa ne. A watan Oktoba na shekarar suka mamaye hedikwatar ekklesiyar a Kwarhi, dubban iyalai suka watse zuwa Yola da Jos da sansanin Minawao a Kamaru. A wuraren gudun hijira matan zumunta suka sake haɗa kansu, suna raba abinci, suna rarrashin waɗanda aka kashe wa maza. A 2015 ƙungiyar mawaƙansu ta zagaya Amurka tana rera waƙoƙin Hausa don duniya ta ji halin da ake ciki. Kada kuma mu manta, wannan fitina ta ci Musulmi masu ɗimbin yawa, a Barno da Yobe da Diffa, har cikin masallatai.

Mu ma a nan muna da tabonmu. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, sakamakon zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da wata jaridar Faransa ta buga, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. An ƙona majami'u da dama, mutum goma suka rasa rayukansu. Ɓacin ran Musulmi a kan zanen gaskiya ne, amma waɗanda wutar ta ci ba su suka yi zanen ba. Cikinsu akwai matan da muke haɗuwa da su a bakin famfo da kasuwa, masu gaishe mu da barka da salla, waɗanda kakanninsu da namu suka yi noma a gona ɗaya. Yawancin samarin da suka ɗauki fetur a ranar sun ɗauka majami'a kayan Faransa ce, ba wanda ya taɓa gaya musu labarin Dorugu ko na Tsibiri ko na Galmi, inda watakila aka taɓa yi wa iyayensu magani.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba, kuma sahabban farko da suka gudu daga azabar Makka, a wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka. Malamanmu sun karantar da mu cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da addini bai haɗa ku ba.

Akwai kuma abin dubawa ga gidajenmu. A ƙauyuka da yawa har yanzu ana cire yarinya daga karatu tun ba ta iya haɗa baƙi ba, alhali muna da gadon Nana Asma'u a hannu. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka yawaita a garuruwanmu abin farin ciki ne, ya kamata masu unguwanni da limamai da mazaje su ƙarfafa su, su kai su har karkara. Wadda ta ga maƙwabciyarta ta ɗauki littafi ta fita neman sani, ita ma ta ɗauki nata.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya ƙara wa iyayenmu mata ilimi mai amfani, ya shiryar da mu baki ɗaya. Wassalam.