Gado da Garkuwar Jiki a Cutar Zubewar Gashi Filfili: Bitar Bincike da Abin da Ya Shafi Karaye da Rogo

Tsakure: Maƙalar ta bibiyi abin da aka gano kan alopecia areata, cutar da garkuwar jiki ke far wa saiwar gashi, ta kuma auna yadda sakamakon zai yi aiki a yammacin Jihar Kano.

A ƙasar Karaye da Rogo, wanzami ne yakan fara ganin fili a kan mutum, kuma hukuncin farko shi ne makero. Sau da yawa gaskiya ne, musamman ga yara. Amma makero naman gwari ne, yana barin ɓawo da karyayyen gashi, yana kuma yaɗuwa ta aska. Alopecia areata kuwa takan bar fata sumul, kuma ba a ɗaukarta. An ƙiyasta tana samun kusan mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa.

A shekarar 2010 ayarin Angela Christiano na Jami'ar Columbia a Amurka ya kwatanta ƙwayoyin gado na masu cutar 1,054 da na wasu 3,278 marasa ita, ya gano wurare 8 masu alaƙa da ita, ciki har da HLA, CTLA4 da IL2RA. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne ULBP. Lafiyayyar saiwa a ɓoye take daga idon garkuwa. Idan wannan kariya ta rushe, saiwar takan fitar da alamar ULBP, sai ƙwayoyin T masu ɗauke da NKG2D su yi mata dafifi su saki interferon-gamma. Saiwar ta mayar da martani da IL-15, wanda ke ƙara tunzura su. Saƙonnin biyu duk ta hanyar sinadarin JAK suke bi. Ƙwayoyin asali da ke sake tsirar da gashi ba sa mutuwa, shi ya sa gashi kan dawo ko bayan shekaru.

Wani bincike na 2014 ya nuna toshe JAK na dawo da gashi, kuma a 2022 Amurka ta amince da maganin baricitinib, mai toshe JAK.

Sai dai mutanen da aka zana wannan taswirar gado da jininsu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado, kuma nau'o'in HLA sun bambanta daga al'umma zuwa al'umma. A ganina kuskure ne a ɗora taswirar a kan Bahaushe ko Bafulatanin Rogo ba tare da gwaji ba. Maganin ma yana rage ƙarfin garkuwa, don haka a inda tarin fuka da ciwon hanta nau'in B ke da yawa, dole a yi gwajinsu kafin a fara shi.

Aikin farko mai sauƙi ne: a koya wa ma'aikatan asibitocin Karaye da Rogo, har da wanzamai, rarrabe cutar da makero, a rubuta tarihin dangin mai ita har da auren zumunci, sannan a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda za a iya tara samfurin jini da yardarsa.