Neman Aure da Baiko a Ƙasar Hausa

Baiko, ko baiwa kamar yadda ake cewa a wasu garuruwa, shi ne furucin da dangin yarinya suke yi a gaban shaidu cewa sun ba wane 'yarsu. Ba ɗaurin aure ba ne, amma daga ranar sauran manema suke janyewa. Tun asali magana ce tsakanin gida da gida, saurayi da budurwa ba sa ko zama a wurin.

A da, saurayi kan ga yarinya a dandali, ko ranar kasuwa, ko wajen talla, ya fara zuwa zance yana yi mata toshi. Idan ya ga ta amince, kunya ba ta barinsa ya tunkari mahaifinsa, sai ya faɗa wa gwaggo ko wani aminin gidan. Daga nan manya su shiga binciken asali: halin iyaye, cutar da ke bin jini, da sana'ar gado, domin maƙera da mahauta da maroƙa sun fi aure a tsakaninsu. Mata ne suke kai kayan na-gani-ina-so, karɓarsu kuwa alama ce cewa ba a yi wa yarinya miji ba. Sannan maza su je gaisuwa. Uba ba ya bayar da 'yarsa da bakinsa, wajen wansa ko ƙanensa yake tura masu nema, al'adar da take ɗora nauyin auren a wuyan dangi gaba ɗaya.

Goro ne shaidar baiko. Ana raba shi gida-gida don kowa ya san an yi wa wance miji. Darajarsa ta samo asali ne daga wahalar samunsa: fatake ne suke ɗauko shi daga Gwanja, ta kasuwar Salaga da ke Ghana ta yau, tafiyar watanni da jakuna. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, goron Kurmi ya wadata, talaka ma ya iya kai ƙwarya guda. A zamanin ne kuma sulallan Turawa suka kori wuri daga kuɗin aure, daga baya alewa da biskit suka bi goro cikin kayan sa rana.

Musulunci ya zo da nasa ƙa'idodin, bai kuma share al'ada duka ba. Littafin Risala, wanda almajiran ilimi suke karantawa a zaure, ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa idan an riga an daidaita, ya kuma sa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari. Mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, abin da ya ƙarfafa auren zumunci da auren sadaka. Ba kowane baiko ne ya zo da son rai ba. A littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, Baba ta ba da labarin aurenta na fari da ɗan'uwanta, wanda ta yi don biyayya, daga baya ta fita.

Lefe ya fi komai sauyawa. Sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a zuba 'yan turame a ciki. Kwalla da fantimoti suka maye gurbinsa, sannan jerin akwatuna, har ya zama nauyin da ke tsawaita zama tsakanin baiko da ɗaurin aure, abin takaici tunda shari'a ba ta wajabta shi ba. Binciken asali ma ya sami sabon salo: a 2024 gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar da ta tilasta wa masu niyyar aure gwajin jini, na ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, kafin a ɗaura.