Majigi da Ajin Manya

Tun kafin wayar hannu ta iso garin Barkiya, majigi ke koyar da talaka. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, motar majigi kan zagaya garuruwan lardin Katsina, a kafa farin ƙyalle a dandali bayan isha'i, a nuna dabarun noma da tsabta. Kakana da furfurarsa ya shiga ajin manya, yana ɓoye alli a aljihu kada yara su yi masa dariya. Da jaridar Himma, wadda hukumar NORLA ke bugawa a Zariya domin Katsinawa, ya iya haɗa baƙi. Mata kam an bar su a baya. Kakata har ta rasu rediyo ne malaminta, tana tankaɗe tana saurare.